Ƙuli-ƙulin da Baba Ya Haramta wa Kansa

Mahaifina Istifanus mutum ne da in ya ce rana ta faɗi, to ko tana tsakiyar ka sai dai a kunna masa fitila. Ban faɗi haka don in rage masa daraja ba. Na faɗa ne domin wanda bai san wannan hali nasa ba, ba zai gane yadda aka yi mutum mai hankali, dattijon coci, ya shekara goma sha shida yana ƙin ƙuli-ƙulin matarsa ba, alhali duk duniya ba abin da yake so kamar ƙuli-ƙuli.

Ya zo Bauchi daga ƙauyenmu na wajen Bogoro a shekarar 1951, da akwatin ƙarfe guda, da mahaifiyata Matta, da ni Paulina a goye. Muka sauka a Fadaman Mada, lokacin gidajen ba su taka kara sun karya ba. Ɗan karatun da ya yi a mishan ya samo masa aiki a wata makarantar maza. A takarda, shi ne mai kula da ɗakin kimiyya. A zahiri kuwa wanke kwalabe yake yi, da goge allo, da kamo kwaɗi a fadama domin malamin kimiyyar, wani dogon Bature da ɗalibai suka laƙaba wa Mai Kwaɗi. An ba Baba farar riga mai aljihu uku. Da ita yake tafiya, da ita yake dawowa, kuma da Mama ba ta ɓoye ta ran Lahadi ba, da ita zai riƙa zuwa coci.

Baba ba ya zama a aji, amma kunnensa yana zama. Yana bakin famfo yana cuɗa kwalba, yana kwashe duk abin da Bature yake faɗa, da yamma ya zo ya juye mana a kan tuwo. Mun ji labarin jini, mun ji na hanjin kwaɗo, muna ci muna haɗiya da ƙyar. Abin da littafi ya ce, a wurinsa ya zauna ke nan. Littafi Mai Tsarki ne na ɗaya, littafin Mai Kwaɗi na biyu, kuma tsakaninsu ba wata rata mai yawa.

Mama ba ta san ko harafi ɗaya ba. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Wani manomi a Tirwun, mai suna Hammawa, yake kawo mata gyaɗa a jaki. Ta soya, ta murje, ta niƙa, sannan ta zuba niƙan a turmi tana ɗiga ruwan zafi kaɗan-kaɗan tana juyawa, har mai ya tsattsafo ya kwanta a sama. Ta kwashe mai, ta matse tunkuzar da ta rage, ta mulmula, ta toya. Ƙulinta yana da citta da ɗan barkono, kuma in ka gatsa, na ɗaki na uku sai ya ji ƙarar. Baba yakan cika aljihun farar rigarsa na ƙasa da shi kowace safiya. Aljihun nan har ya yi tabon mai da sabulu ya gagara fitarwa.

Rigimar ta fara ne a ƙarshen 1959, da Mai Kwaɗi ya dawo daga hutu a ƙasarsu da wani sabon littafi. Abin da ke ciki ba ya ma cikin jarrabawar yaran, zumuɗi ne kawai ya sa ya koyar. Baba ya dawo gida ranar kamar an yi masa albishir.

"Uwar Paulina, yau na ji yadda Allah ya ɗinka mutum," in ji shi. Ya ture kwanon miya ya fara zane da yatsa a ƙasa. Ya ce jikin mutum, da na kwaɗo, da na gyaɗa ma, duk ƙwayoyi ne ƙanana da ido ba ya gani, kamar ɗakuna jere. Kowace ƙwaya akwai tantani siriri da ya kewaye ta, shi ne katangarta. Tantanin nan kuwa da mai aka yi shi. Kowane ɗigon man kamar tsinken ashana yake, yana da kai da wutsiya. Kan yana son ruwa, wutsiyar kuwa ba ta ga maciji da ruwa. Saboda haka sai su jeru sahu biyu, wutsiya na kallon wutsiya a ciki, kawuna na waje wajen ruwa.

Mama ta gyaɗa kai. "Wannan kam gaskiya ne. Mai matsoracin ruwa ne. Da ruwa nake koro shi daga turmi."

Baba ya ji daɗi ya ci gaba. Ya ce sannan akwai furotin, shi ya rufe man sama da ƙasa ruf, kamar yaɓen katanga ciki da waje. Hawa uku ke nan, mai a tsakiya a kulle. Bature har hoto ya nuna musu, layi biyu baƙaƙe da fari a tsakani.

"Furotin ɗin mene ne?" in ji Mama.

"Abin da ke gina jiki. Yana cikin nama, da ƙwai, da wake. Bature ya ce tunkuzarki ma rabinta shi ne."

Nan Baba ya yi kuskuren da ya fi kowanne a rayuwarsa. Mama ta ajiye ludayi.

"Au, ashe maganan mai da tunkuza ake yi? To Baban Paulina, ai ni ya kamata Baturen ya tambaya. Mai ba ya zauna a kulle. Shekara nawa ina fama da shi? In ka sa shi a nan, ka juya baya, yana can. Kuma ƙuli ba ya tsaya wa mai gadi, cikin mai yake shiga ya yi ta yawo."

"Littafi ne ya ce."

"Ka gani da idonka?"

"Madubinmu na duba ƙananan abubuwa bai kai nan ba. Na Ingila ne ya ɗauko hoton."

"To in an yaɓe shi ciki da waje, abinci ta ina zai shiga ɗakin? Kuma da jikinka da ɓawon ƙuli aka rufe shi, ai da in ka durƙusa a coci sai an ji ƙaras."

Na yi dariya har tuwo ya sarƙe ni. Baba ya dube ni, ya dubi Mama, ya ce jahilci ciwo ne, ya jawo kwanon miyarsa. Mun ɗauka magana ta mutu a nan.

Sai ga shekarar 'yancin kai. Makaranta ta shirya baje koli a makon bikin, kowane sashe ya nuna abin da yake koyarwa. Mai Kwaɗi ya ƙudura sai ya gina tantanin nan babba, yadda kowa zai gani. Ya yi odar kakin kyandir da farar ƙasa daga Jos, amma damina ta cinye hanya, mota ta maƙale. Saura kwana uku ba kaya. Baba ya ga dama ta samu, domin Bature ya taɓa yi masa maganar wani kwas a Zariya, wanda in mutum ya je ya dawo, ya tashi daga mai wanke kwalba ya zama mataimakin malami. Ya ce wa Bature ya bar masa aikin. Zai gina shi da mai na gaske da furotin na gaske, ba da kaki ba. Bature ya buga masa kafaɗa ya ce wannan dabara ko a Ingila ba a yi ta ba. Da gaskiyarsa, kuma da dalili.

Baba ya zo gida da oda. Man shanu daskararre zai zama tsakiya. Ashana kwali shida za a soka a ciki, sahu biyu, kawuna waje. Mama kuma ta toya masa ƙuli mai faɗi kamar tafin hannu, a jera su a tsaye gefe da gefe su zama yaɓe.

"Zan yi," in ji Mama, "amma ka sani ba zai tsaya ba."

"Ke dai ki yi abin da aka ce."

"Ka sayi kitsen rago wurin Sabitu mahauci mana, ya fi jure zafi."

"Kitse yana wari. Manya za su zo."

Ta yi masa, kuma ta yi da kyau, domin Mama ba ta iya aikin ganin dama ba. Aka gina abin a babban tiren da take shanya gyaɗa, aka kwana da shi a kan randa don sanyi. Da safe ya fito tsaf, rawaya a tsakiya, kawunan ashana jere kamar 'yan sanda a fareti, ƙuli ya tsare su dama da hagu. Ni kaina na ce Baba ya ci gari. Ya ɗauki tiren da hannu biyu, yana tafe yana ce wa mutane su kauce.

An kafa teburan baje kolin a wata rumfar kwano, an zagaye ta da 'yan tutoci kore da fari. Aka ce manyan baƙi za su iso ƙarfe tara. To kun san manya. Tara ta wuce, goma ta wuce, aka yi ta jawabi a fili, 'yan makaranta suna waƙa. Ruwa ya ɗauke kwana biyu kafin nan, rana ta fito da fushinta, kwanon rumfa ya ɗau zafi. Ni da Mama muna tsaye cikin iyaye a bakin igiya. Ƙarfe goma sha ɗaya na ga Baba ya fara yi wa tire fifita da littafin rajista. Sha ɗaya da rabi ya cire farar rigarsa ya yi masa inuwa da ita, abin da ban taɓa gani ba. Mama kuwa ta gyara ɗaurin zaninta.

Baƙi suka shigo rumfa wajen sha biyu da rabi. Mai Kwaɗi yana gaba yana bayani, yana cewa yanzu za su ga yadda katangar ƙwayar halitta take, mai a kulle tsakanin yaɓe biyu masu ƙarfi. Yana rufe baki katangar dama ta sunkuya a hankali, kamar mai gaisuwa, ta kwanta cikin mai. Ta hagu ta bi ta. Man shanu ya riga ya zama ruwa. Ƙulin ya farfashe, wani gutsuren ya nutse rabi, wani ya leƙo kai, wani ya ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, ashana kuma suna ta shawagi a tsakaninsu. Wani dattijo cikin baƙin ya leƙa ya tambaya da ladabi ko miyar bikin ce.

Rumfa ta kwashe da dariya. Baba ya yi tsuru-tsuru da riga a hannu, kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da abin ya tsaya nan, da ya warke cikin mako guda. Amma Mama ta ga ana yi wa mijinta dariya, zuciyarta ta tashi, ta ɗaga igiya ta shigo. Niyyarta ta kare shi, wannan na tabbata.

"Me kuke dariya?" in ji ta da ƙarfi. "Ai yanzu ne ya yi daidai! Haka mai yake. Ku duba." Ta kama bakin tire ta ɗan karkata shi, ƙuli ya gangara cikin mai ya dawo. "Ka gani, Bature? Ciki yake yawo. Dā ma na gaya wa maigidana littafin ne bai sani ba."

Dariyar ta biyu ta fi ta farko. Mai Kwaɗi ma ya yi, har da share hawaye. Kafin a tashi, ɗalibai sun tsame ƙulin sun cinye.

A hanyar gida Baba yana gaba, muna baya, tire a kan Mama. Muka kai ƙofar gida. Ya juyo ya dubi Mama.

"Kin kunyata ni gaban manya, kin ƙaryata littafi. Ƙulinki ba zai ƙara shiga bakina ba sai ranar da littafi ya ce ke ce da gaskiya."

"Allah ya kai mu," in ji Mama, ta shige.

Magana zarar bunu ce. Kwas ɗin Zariya wani Elisha aka ba. Gaskiyar magana Elisha ya fi Baba karatu, kuma Mai Kwaɗi ya koma ƙasarsu kafin ma a zaɓa, amma Baba ya ɗora wa tire laifin har ƙarshen ransa. Fasto Zakka ya zo ya ce masa Kirista ba ya rantsuwa, saboda haka wannan ba ta ɗaure shi ba. Baba ya ce ai ba rantsuwa ya yi ba, magana ya yi, kuma Kirista ba ya magana biyu. Fasto ya sha ruwa ya tafi.

Sati biyu Baba ya daure. Ranar tuya yakan ɗauki kujera ya koma bayan gida inda iska ba ta kai ƙamshi, ya buɗe littafi a juye. A sati na uku aljihun farar riga ya sake yin tabo sabo. Ashe ya gano wata mata Fati da ke da tebur a Ƙofar Wambai, yana zagayawa ta can daga makaranta, hanyar da ta ninka tasa sau biyu, ya saya ya ci a tafe, ya goge baki kafin ya iso. Har yakan ce a kan tuwo, ba tare da ya dubi kowa ba, wai ya ji ana cewa mutanen cikin gari sun iya ƙuli.

Abin da ya sa ni da Mama muke tserewa madafa mu toshe baki shi ne, Fati ba ta taɓa toya ƙuli ba. Wurin Mama take sari tun kafin a yi tire. Ita ce ma ta kawo labarin. Mama ta ce wa Fati ta rufa masa asiri, ta bar kaza cikin gashinta. Daga ranar ta riƙa toya nasa daban, ta ƙulle a tsumma, ta kai wa Fati da kanta duk Alhamis, don kada Fati ta zo gida ya gan ta.

Ba zan ɓoye ba, shekarun farko da hushi take toyawa. In sun yi cacar baki, ƙullin Alhamis ɗin nan sai ya fito kamar tsakuwa. Haƙorin Baba na farko a kansa ya tafi. Ya dawo riƙe da kumatu ya ce dutse ne a shinkafar makaranta, Mama ta ce kai, masu dafa abincin nan ba su da imani. Amma da shekaru suka ja, haƙoran suka fara bin juna, sai na ga tana rage wuta. Ta koma yin nasa sirara, sannan ƙanana, sannan masu taushi da ba mai saye da zai karɓa. Ban taɓa jin ta ambaci dalili ba, ni ma ban tambaya ba. Abin yana ba ni dariya, yana kuma ba ni haushi, domin mutum biyu ne masu son juna suka mai da kansu 'yan fasa-ƙwauri a kan gyaɗa.

Na girma na zama malamar makaranta. A 1976 aka tura ni ƙarin karatu, a sashen kimiyya kuwa, don jinin Baba bai bar ni ba. Wata rana na buɗe sabon littafin da aka ba mu, na kai babin tantanin ƙwayar halitta, sai na ci karo da zanensa. Ga sahu biyu na ashanar Baba, wutsiya na kallon wutsiya, wannan bai canja ba. Amma yaɓen ya tafi. Furotin gutsure-gutsure ne a cikin man, wani ya nutse rabi, wani ya leƙo, wani ya ratsa daga waje har ciki ya zama ƙofar da abinci ke bi. Littafin ya ce man ba daskararre ba ne, yana motsi, furotin ɗin kuma yana yawo a cikinsa. Tsohon zanen mai hawa uku yana gefe, an rubuta a ƙarƙashinsa cewa haka aka zata a dā.

Ran Asabar na hau mota zuwa Bauchi. Baba ya riga ya yi ritaya, yana zaune a gindin dalbejiya. Na miƙa masa littafin a buɗe. Ya sa tabarau, ya bi rubutun da yatsa, ya kai ƙarshe ya koma farko. Ya juya bangon ya duba inda aka buga shi. Ingila ne. Mama ta fito tana goge hannu, ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Wa ya zana tirena?" in ji ta.

Baba ya rufe littafi. Ya cire tabarau.

"Uwar Paulina," ya ce, "littafi ya ce ke ce da gaskiya."

"To."

"A kawo ƙulin."

Ta shiga ta ɗebo na kasuwa, mai ƙarar nan, ta zubo a faranti ta durƙusa ta ajiye. Ya ɗauki ɗaya ya kai baki. Ya juya shi dama, ya juya shi hagu. Haƙori uku suka rage masa, kuma ba wanda ke kallon wani. Ya fito da shi ya riƙe a hannu, yana dubansa. Na so in yi dariya, amma ta ƙi zuwa.

Mama ta karɓe farantin ta shige da shi. Muka ji turmi. Ta dawo da garin ƙuli a kwano, ta kwarara masa man gyaɗa, ta sa cokali. Ya ci, ya ƙara, hawaye na bin kumatunsa, ya ce barkonon ne ya yi yawa. Da ya sauke cokali ya yi gyaran murya.

"Ya fi na Fati," in ji shi.

Na buɗe baki, Mama ta take mini ƙafa.

"Na gode, maigida," ta ce.

Shekara huɗu ya ƙara a duniya, kullum da kwanon garin ƙulinsa. Da ya rasu, Fati ta zo gaisuwa, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta zauna kusa da Mama a tabarma, suka yi gaisuwa. Can Mama ta ce, ko ba komai ya tafi bai san asirinsu ba, ba su kunyata shi sau biyu ba.

Fati ta dube ta. "Wane asiri? Maman Paulina, ai tun ranar farko da ya zo teburina ya ɗaga ƙulin ya shinshina ya ce, na Matta ne ko? Duk zuwan da zai yi sai ya tambaya. Wata Alhamis da kika yi zazzaɓi na ba shi na wata, ya ajiye mini ya tafi. Shi ma cewa ya yi in rufa masa asiri."

Mama ta murza bakin zaninta.

"Ji tsohon nan," ta ce. "Shekara goma sha shida ya bar ni ina taka Ƙofar Wambai da ƙafa."

Sannan ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka binne shi.